Fadar da Mai Ita Yake Ciki: Sharhi kan Littafin Las Moradas na Teresa ta Abila

A shekarar 1577 ne Teresa ta Abila, 'yar zuhudun Katolika ta ƙasar Sifen, ta rubuta littafin Las Moradas, wato "Masaukai", bisa umarnin magabatanta, domin 'yan'uwanta mata na ƙungiyar Karmel. Ta soma shi a Toledo, ta kammala a Abila cikin wata shida, amma ba a buga shi ba sai 1588, shekara shida bayan rasuwarta. Jigonsa shi ne addu'ar shiru, wadda mai yin ta yake rage magana da roƙo don ya ba Allah wuri a zuciyarsa. Manufar wannan sharhi ita ce a duba ko siffantawar da aka gina littafin a kanta ta iya ɗaukar nauyin wannan jigo.

Marubuciyar ta siffanta ruhin ɗan Adam da fada ta lu'ulu'u mai masaukai bakwai. Addu'a ce ƙofarta, Sarki kuwa yana can tsakiya. A nan ne hikimar littafin take. Galibi idan aka ce a ba Allah wuri, sai mutum ya ɗauka shi ne mai gida, zai share zaure ya shimfiɗa wa baƙo tabarma. Teresa ta juya wannan tunani. A wurinta Mai fadar yana ciki tun fil'azal. Mutum ne ke gararamba a bayan katangar kansa, kuma shi ake jira ya shigo.

Sai dai tsarin masaukai bakwai yana da haɗari, domin mai karatu na iya ɗaukarsa tsani ne da ake hawa da ƙoƙarin kai. Ga alama marubuciyar ta hango haka. A masauki na huɗu ta kawo misalin komaye biyu: ɗaya ana jawo masa ruwa daga nesa ta magudanai da wahala, ɗayan kuwa a kan idon ruwa yake, yana cika ba tare da ƙara ba. A na biyar ta kawo tsutsar alharini, wadda ke saƙa wa kanta ɗaki ta mace a ciki, sa'annan ta fito fari fat tana shawagi. Duka biyun suna nuna cewa akwai inda ƙoƙari yake ƙarewa, baiwa ta karɓa.

Raunin littafin a zubi da tsarinsa yake. Daga cikin babi 27, masauki na shida kaɗai ya cinye 11, yawancinsu kan wahayi da fita hayyaci da azabar bege. Ko da yake ta yi ta gargaɗi kada a nemi waɗannan abubuwa, yawan shafukan da ta ba su na iya sa almajiri ya auna addu'arsa da abin al'ajabi, ya raina shirun da bai ga komai a cikinsa ba. Haka nan takan bar zance ta shiga wani kafin ta dawo.

Duk da haka, masauki na bakwai ya daidaita lamarin. A can ta haɗa Marta da Maryamu na Linjila, mai hidima da mai sauraro, ta nuna dole su tafi tare. Wanda ya kai tsakiyar fadar ba a bar shi ya zauna ba, an maido shi wurin maƙwabcinsa da aiki. Da wannan ma'auni ya kamata a karanta sauran masaukan shida.