Kundin da Ake Rubutawa da Rani Saboda Daren Ambaliya

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya kutsa cikin Maiduguri mutane suna barci, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. A irin wannan dare tambayoyin da ke fuskantar ƙungiyar agaji ƙanana ne, amma rai ya rataya a kansu. Mabuɗin sito yana hannun wa? Wa ke da ikon fitar da kuɗi ba tare da jiran taron shugabanni ba? Wace makaranta ce ke kan tudu, kuma mutum nawa za ta ɗauka? Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai mutanen da sana'arsu ita ce amsa waɗannan tambayoyi tun watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, su tattara amsoshin cikin kundi guda da ake kira tsarin tunkarar bala'i. Aiki ne marar hayaniya, ba a ɗaukar mai yinsa hoto yana miƙa buhun shinkafa, amma wanda ya lura da yadda gwani ke yinsa zai girmama shi.

Gwanin wannan aiki yana farawa ne da takalmi a ƙafarsa, alƙalami sai daga baya. Zai je garin da ƙungiyar ke aiki, ya gaida dagaci da masu unguwanni, ya nemi a tara masa jama'a. Sai a share fili, a ba wani dattijo sanda ya zana garin a ƙasa: ga kogi, ga fadama, ga kasuwa, ga maƙabarta. A zuba toka a inda ruwa ke kwanciya, a ɗora duwatsu a inda tudu yake. Ana zanawa ana gardama, kuma gardamar ce abin da ya zo nema, domin a cikinta wani zai ce ai ruwa ba daga kogi yake fara shigowa ba, ta tsohon kwalbatin da ke bayan gari yake ɓullowa. Babu taswirar ofis da za ta faɗa maka wannan. Daga nan sai ya tambayi tarihi, kuma ba ya cewa "mita nawa ruwa ya kai", sai dai "a shekarar da ya fi yawa, ina ya tsaya a jikin bangon masallaci?" A nuna masa, ya auna, ya rubuta. Idan garin masunta ne zai zauna da sarkin ruwa, wanda ke gane zuwan cika daga launin ruwa da irin ciyawar da yake ɗaukowa.

Mata kuwa zama na daban ake yi da su, kuma mace ce ke jagorantar zaman. Su suka san gidan da ke da mai jego, da tsohuwar da ba ta iya tafiya, da rijiyar da ke gurɓacewa da ruwan farko. Wani abu da ke burge ni a nan shi ne gwani ba rauni kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana ƙirga ƙarfin gari ma: kwale-kwale nawa ne, amalanke nawa, ungozoma nawa, wane masallaci ke da lasifikar da ke aiki da batir. Waɗannan su ne kayan aikin awannin farko, kafin wata mota ta iso daga birni.

Idan ya dawo ofis sai ya jera haɗurran a kan watanni goma sha biyu. Gobarar kasuwa da hunturu, sanƙarau da zafin bazara, amai da gudawa da damina, ambaliya daga Agusta zuwa Oktoba, ƙarancin abinci kafin kaka. Kowane haɗari ana yi masa tambaya biyu: sau nawa yake zuwa, kuma in ya zo wace irin ɓarna yake yi? Wanda ya haɗa yawan zuwa da girman ɓarna shi ne a sama. Sannan a rubuta labarin bala'in sau uku, ƙarami da matsakaici da mafi muni, kowanne da adadin mutanen da zai shafa, domin shirin da aka yi wa gida 200 ba zai riƙe gida 4,000 ba.

Sai shafin da ya fi wuyar rubutawa ga mai tausayi, wato shafin abin da ƙungiyar ba za ta yi ba. A Najeriya akwai hukumar NEMA da aka kafa a 1999, akwai hukumomin agajin gaggawa na jihohi, akwai Red Cross da 'yan sa kanta, akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Ƙungiyar da ta ƙware a ruwa da tsafta, kundinta zai ce ƙarara: mu ruwa da makewayi ne namu, marar lafiya za mu miƙa shi ga asibiti kaza, ga sunan ofishin da za mu sanar. Wannan ba rowa ba ce. In ba a rubuta haka ba, ƙungiyoyi biyar za su kai barguna unguwa ɗaya, unguwar da ke bayan gada kuma ba wanda ya leƙa ta.

Zuciyar kundin ita ce abin da za a iya kira alamar tashi, wato ma'aunin da in an kai shi aiki ya fara ba sai an sake shawara ba. A Yamai akwai ma'aunin da ke nuna tsayin ruwan kogin Neja, kuma an sa masa matakai: santimita 580 gargaɗi ne mai ƙarfi, santimita 620 jan gargaɗi ne. A Satumban 2020 ruwan ya kai santimita 700, ya karya shingaye ya cinye unguwanni. Mai rubuta kundi a can dole ya san cewa cika biyu ce ke zuwa Yamai. Akwai ta damina, mai jan ruwa, wadda rassa irin su Sirba ke kawowa da sauri a Agusta da Satumba, akwai kuma wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini ta iso a hankali wajen Disamba da Janairu. Kowacce da irin lokacin da take ba mutane su shirya. A Najeriya ma haka: hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, kuma in an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kwanaki yake yi yana gangarowa ta kogin Binuwai, ya wuce Yola da Makurɗi kafin ya kai Lokoja. Waɗannan kwanaki dukiya ce. A 2012 da 2022 wannan hanya ce ta ga ɓarna mai yawa, kuma a 2022 fiye da mutum 600 ne suka rasu a faɗin ƙasar.

Dubi yadda gwani ke ƙera jimlar. Ba zai rubuta "za a ɗauki matakin da ya dace a kan lokaci" ba, domin wannan jimla ba ta tashin kowa daga barci. Zai rubuta cewa in ma'auni ya kai adadi kaza, jami'in shirye-shirye zai kira shugabannin 'yan sa kai cikin awa ɗaya, a yi shela a masallatai da coci-coci da rediyo cikin awa uku, a kwashe tsofaffi da masu juna biyu zuwa makaranta kaza kafin faɗuwar rana. Adadi, muƙami, aiki, lokaci. Kuma a nan akwai wani tarko da sai wanda ya daɗe a aikin ke ganinsa. Idan aka sa alamar ƙasa sosai, za a riƙa tada mutane a banza har su daina saurare. Idan aka sa ta sama sosai, sai ruwa ya riga shela isa gari. Don haka yake komawa ga bayanan shekarun baya, yana gwada adadin a kan kowace damina: da mun yi amfani da wannan alama, sau nawa za mu tashi, sau nawa ruwan zai zo da gaske? Sannan ya ƙara jimla ɗaya da na ɗauka a matsayin mafi hikima a kundin duka: kuɗin da aka kashe bisa alamar tashi ba laifin jami'i ba ne, ko da ruwan bai zo ba. In babu wannan jimla, jami'i zai ji tsoron mai binciken kuɗi fiye da tsoron kogi, ya tsaya jira sai ya ga ruwa da idonsa.

Bayan haka sai lissafi. A 1994, lokacin da 'yan gudun hijirar Ruwanda suka kwarara zuwa garin Goma, kwalara da atini sun kashe dubun-dubatar mutane cikin 'yan makonni, alhali ƙungiyoyin agaji suna wurin. Wannan na daga cikin abin da ya sa a 1997 ƙungiyoyi suka haɗu suka fara aikin da ya haifar da littafin ma'aunai na Sphere. A cikinsa an ce kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500 daga matsuguni, makewayi ɗaya ga mutum 20, kuma a nisanta raminsa da rijiya da aƙalla mita 30. Gwani yana ɗaukar waɗannan ya buga su da labaransa uku. Mutum 5,000 a sansani na nufin lita 75,000 kullum. In tankar ruwa tana ɗaukar lita 10,000, sawu takwas ke nan a rana. Daga wace burtsatse? Ta wace hanya, in gadar ta nutse? Man fetur na kwana nawa? Makewayi 250 ake bukata, to su wa za su haƙa, kuma a ƙasar da ruwa ya jiƙe wane irin makewayi ne ba zai rufta ba? Kowace amsa tana haifar da wata tambaya, shi kuwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya har sai ya kai ga abin da za a iya saya, a ɗauka, a ajiye.

Sito ma da iliminsa. Tamfol, jarka, bokiti, gidan sauro, tabarma, sabulu, ƙwayar tsarkake ruwa, gishirin haɗin ruwan gudawa. Ana ɗora kaya a kan katako, nesa da bango, saboda laima da ɓera. Abin da wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara fita. Idan kogi ya raba yankin gida biyu, kayan ma a raba su biyu, kowane ƙetare da nasa. Ana kuma ƙulla yarjejeniya da 'yan kasuwa da masu motoci tun rani, a tsayar da farashi a rubuce, saboda ranar ambaliya kuɗin haya ba ya tsayawa inda yake.

Wajen rabon iko, muƙami ake rubutawa maimakon sunan mutum, kuma kowane muƙami da mai maye gurbinsa har hawa biyu, domin bala'i kan zo shugaba yana tafiya. Ana faɗin iyakar kuɗin da shugaban reshe zai kashe da sa hannunsa kaɗai a kwana ukun farko. Ana buga lambobin waya a takarda a rufe ta da leda, saboda wuta da layin sadarwa su ne kan fara ɗaukewa.

Akwai kuma babin mutunci, wanda ba a rubuta shi don ado. A 2002 wani rahoto ya fallasa yadda wasu ma'aikatan agaji a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo ke neman 'yan mata da lalata a madadin abinci. Tun daga nan kundin kirki yake faɗa da baƙin rubutu cewa agaji kyauta ne, ba a biyansa da kuɗi ko da jiki, kuma wanda ya karya wannan korarsa za a yi a miƙa shi ga hukuma. Ana rubuta sharuɗɗan zaɓen masu amfana, a karanta su a bainar jama'a da harshen garin, don kada jerin sunaye ya koma na 'yan uwan mai iko ko na 'yan jam'iyya. Akwatin koke bai isa ba a inda da yawa ba su iya rubutu ba, sai an haɗa da lambar waya da wata mace amintacciya da za a iya zuwa wurinta a sirrance.

Ana iya samun kundi cikin yini guda. A sauko da na wata ƙasa daga intanet, a sauya suna, a yi masa bango mai sheƙi a ajiye a kabad. Irin wannan yakan yi dogon bayani a kan haɗarin da bai taɓa zuwa yankin ba, bai kuma san sunan kwalbati ko ɗaya ba. Gwani kuwa, bayan watanni yana aiki, bai yarda da abin da ya rubuta ba sai ya gwada shi. Zai tara ma'aikata a kewaye da tebur, ya shimfiɗa taswira, ya ce ƙarfe biyun dare ne, ruwa ya kai alama. Bayan mintuna ya miƙo wata 'yar takarda: gada ta karye. Wata kuma: wayar ma'aji a kashe take. Yana zaune da agogo yana rubuta inda aka yi tuntuɓe. Daga baya a fita fili a yi atisaye da 'yan sa kai da mutanen gari, a ɗauki tsoho na gaske a amalanke zuwa makarantar da aka zaɓa, a ga minti nawa ya ci. A nan ne ake gano cewa ƙofar makarantar tana kulle kuma mai gadin a wani gari yake kwana. Mai wannan sana'a murna yake yi da irin wannan kuskure, domin an same shi da rana tsaka a watan Afrilu. Sai ya koma ya gyara shafin, ya sa kwanan wata, kuma bayan kowace damina a sake zama a tambayi abin da ya yi aiki da abin da ya gaza.

Mai karatu, in kana cikin wata ƙungiyar agaji, ko ta masallaci ce, ko ta coci, ko ta matasan unguwa, nemi a nuna maka kundinku. Duba ko akwai adadin da zai tada ku, da muƙamin wanda zai ba da umarni, da ranar atisayen ƙarshe. In ka rasa ɗaya daga cikinsu, ka kira taro tun kafin ruwan farko ya sauka.