Dodo a cikin aljihu: me labari yake ƙara wa wasannin tara halittu?

Duk wanda ya taɓa ganin yaran karkarar Tasawa ko Mayahi sun fita kamun fara da sanyin asubahin kaka, ya riga ya san asalin Pokémon, ko da bai taɓa riƙe na'urar wasa ba. Satoshi Tajiri, mutumin Japan da ya ƙago shi, yaro ne mai farautar ƙwari kafin gine-gine su cinye filayen unguwarsu. Wannan sha'awa ce ya zuba a cikin wasan da kamfanin Game Freak ya shirya wa na'urar Game Boy a shekarar 1996, da halittu 151. Yanzu sun haura dubu. Mai wasa yakan kama su, ya horar da su, ya gwabza su da na abokan hamayya.

Masu sha'awar irin wannan wasa sun daɗe suna muhawara: shin labari da taurarinsa suna ƙara masa armashi, ko kuwa ɓata lokaci ne? Masu cewa ɓata lokaci ne suna da hujja, domin Pokémon GO na 2016 ya fito kusan babu labari, amma ya fitar da miliyoyin mutane kan titi da wayoyinsu.

A ganina an aza tambayar a karkace. Abin dubawa shi ne inda aka ajiye labarin. Mu ɗauki Cubone, ƴar halittar nan mai sanye da ƙoƙon kan uwarta. A wasan farko, cikin hasumiyar kaburbura ta garin Lavender, mai wasa yakan yi karo da kurwar wata uwa da ƴan ta'addar Team Rocket suka kashe. Jimlolin ba su da yawa, amma daga nan ba ka sake kallon Cubone a matsayin lamba a cikin jeri ba. Bahaushe ya san wannan dabara tun tuni. Dodon tatsuniya ba girmansa ne ke hana yara barci ba, alkawarin da aka yi masa a bakin kogi ne, wanda ya zo karɓa. Haka ma iskokin bori na ƙasar Maraɗi, ko me mutum ya ɗauke su: Sarkin Rafi, Inna, Kuturu, kowanne da halinsa, da kiɗansa, da danginsa, shi ya sa sunayensu ba sa rikicewa a kan masu kiransu.

Inda labari ya rabu da halittar ya koma dogon jawabi, nan yake gazawa. Pokémon Black da White na 2010 sun yi ƙarfin hali: wani saurayi mai suna N, wanda ya girma a tsakanin halittun da mutane suka cuta, ya tambaya ko daidai ne a kulle su a sa su faɗa. Tambaya ce mai nauyi, wadda malami zai iya kai wa aji, musamman a ƙasar da yaro yake tashi da akuya da jaki a gida. Sai marubutan suka ja da baya. A ƙarshe aka nuna cewa Ghetsis, wanda ya rene shi, makirci kawai yake ƙullawa don kowa ya saki nasa, iko ya rage a hannunsa shi kaɗai. Da aka kayar da mugun sai tambayar ta bi shi, mai wasa kuwa ya koma daji ya ci gaba da kamu.