Yadda Ake Koya wa Maɓalli Amsawa

A shagunan aika kuɗi da ofisoshin Madarunfa, kudu da Maradi, ma'aikaci kan wuni yana danna maɓallan manhaja a fuskar kwamfuta. Ya matsa linzami, maɓalli ya lotsa. Ya saki, ya taso. Alhali fuskar shimfiɗe take, babu abin da ya motsa a cikinta. Wani ne ya zauna ya zana wannan lotsawa da hannunsa.

Gwanin rubuta manhaja yakan tanadar wa maɓalli ɗaya siffa biyar. Akwai ta zaman jira, da ta lokacin da kibiyar linzami ta hau kansa, da ta dannawa. Akwai kuma ta wanda aka zaɓa da allon madannai, da ta wanda aka dakatar, mai launin toka.

Ta dannawar ce ta fi ban sha'awa. Dubi maɓallan manhajar Windows 95, wadda ta fito a 1995. Mai zane ya ƙaddara haske na zuwa daga sama ta hagu. Sai ya ja farin layi a sama da hagu, baƙi a ƙasa da dama, kowanne kaurin fiksel ɗaya, wato ɗigo mafi ƙanƙanta a fuskar kwamfuta. Ido ya gani, ya ce tudu ne. Da an danna, duhun ya koma sama da hagu, rubutun ya gusa ɗigo ɗaya ƙasa, ɗigo ɗaya dama. Tudu ya zama kwari. Kayan aiki irin su Qt da Tkinter na Python sun sauƙaƙa wannan, amma sanin inda inuwa za ta faɗa na mai aikin ne.

Daga nan sai saurare. Manhaja na kasa kunne ga abu biyu daban: matsawa da saki. Matsawa siffa kawai take sauyawa. Sai an saki ake zartar da umarni. Shi ya sa wanda ya danna bisa kuskure zai iya janye kibiyar gefe kafin ya ɗaga yatsa, ya tsira.

Sai lokaci. Tun 1968 Robert Miller na kamfanin IBM ya nuna cewa amsar dannawa bai kamata ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Maɓallin da ya yi shiru kamar gidan da aka yi sallama ba a amsa ba ne: dole a maimaita. A shagon kuɗi kuwa, maimaici na iya zama aike biyu. Don haka gwani yakan sauya siffar nan take, ya dakatar da maɓallin, ya tura aiki mai nauyi gefe, sai an kammala ya sake shi.

Mai son jiki yakan sauya launi kaɗan ya tashi. Gwani kuwa yakan tuna shagon da ƙofarsa ke buɗe, rana na dukan gilashi, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, da mutumin da ba ya bambance ja da kore. Sai ya haɗa launi da inuwa da motsi.

Ɗalibanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi masu sha'awar wannan sana'a, kada ku raina ɗigo ɗaya. A nan ake gane hannun da ya ƙware.