Tankaɗe da rairaya kafin a yi odar firaima

A ɗakin gwaje-gwajen ƙwayoyin halitta akwai mutumin da ba kasafai ake ganinsa da safar hannu ba. Yana can gefe da kwamfutarsa, amma sai ya ce "to" ake fitar da kuɗi a sayo firaima. Firaima ɗan guntun DNA ne, haruffa 18 zuwa 25 daga cikin A, C, G da T. Biyu-biyu suke aiki: ɗaya ya kama farkon wurin da ake nema, ɗaya ya kama ƙarshensa, injin PCR ya yi ta kwafar abin da ke tsakani. Sai dai kundin halittar ɗan Adam haruffa ne wajen biliyan 3, kuma da wuya ɗan guntu irin wannan ya rasa wani wurin da ya yi kama da shi.

Mai firaima ɗaya yana iya buɗe shafin BLAST na cibiyar NCBI a Amurka, manhajar da ke aiki tun 1990, ya liƙa, ya jira. Mai 500 fa? Shafin BLAT na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, wanda Jim Kent ya ƙirƙira, jeri 25 kacal yake karɓa a lokaci guda. Shi gwani sauke kundin yake yi kacokan a na'urarsa, ya jera tambayoyinsa a fayil ɗaya na FASTA, kowace da layin suna mai farawa da alamar >, haruffanta a ƙasa. In firaima ne, sai ya tsara sunan kowane biyu, da na gaba, da na baya, ya miƙa wa manhajar isPcr. Umarni ɗaya, ya tashi shan shayi.

Wannan kowa zai koya cikin mako. Abin da ke burge ni shi ne rashin yardarsa da shirun na'ura. Idan aka kunna blastn, ɗaya daga cikin manhajojin BLAST, a kwamfuta ba a taɓa saitinta ba, sai ta ga haruffa 28 sun dace a jere take fara lissafi. Firaima mai 20 ina zai samo 28? Sakamako ya fito fayau, sabon shiga ya ɗauka babu inda firaimarsa ta kama. Gwani ya san ba a ma duba ba. Sai ya koma blastn-short, mai farawa da haruffa 7, ya sassauta ma'aunin tacewa, layuka dubbai su zubo.

Daga nan karatu ne. Ba kowane saɓani yake damunsa ba. Idonsa na kan wutsiyar firaima, ɓangaren da ake kira 3', domin daga nan kwafi ke tashi. Wutsiya ta zauna daram a wurin da ba a so, an shiga uku ko da sauran bai dace sosai ba. Ɗauki gwajin sikila. Harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar HBB da ke kuromosom na 11, A ta koma T. Amma dab da ita akwai ƙwayar HBD, suna kama ƙwarai, kuma firaimar da aka zana da gaggawa tana iya kamo su duka, ta dagula sakamakon yaron da ake gwadawa. Ga kuma Alu, jerin haruffa wajen 300 da ya maimaitu fiye da sau miliyan a kundinmu. Firaimar da ta faɗa cikinsa, sai dai a sake wata. Kafin ya miƙa lambobin wuri ma, sai ya rubuta ko na bugun kundi na hg19 ne, na 2009, ko na hg38, na 2013, don lamba ɗaya wuri biyu take nunawa.

Ƙwayoyin cuta kuwa ba sa zama wuri guda. Nau'in korona na Alfa ya zo da giɓi a gurbi na 69 da 70 na furotin ɗin ƙayarsa, ɗaya daga cikin wurare uku da gwajin PCR na TaqPath ke nema ya daina fitowa. Omikron ya maimaita haka a Nuwamban 2021. Shi ya sa gwani ba ya goge fayil ɗinsa. Sababbin jeri na shigowa rumbun GenBank, zai sake tura tsofaffin firaimomin a kansu, ya ware waɗanda wutsiyarsu ta fara zamewa.