Sharhi a kan Ƙamusun Tsirrai na Dalziel a Matsayin Madogarar Nazarin Sassaƙa da Saƙa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1916 aka buga littafin J. M. Dalziel mai suna A Hausa Botanical Vocabulary a Landan. Marubucin likita ne da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu na Latin. Wannan takarda za ta auna amfanin littafin ga ɗalibin da ke nazarin kalmomin sassaƙa da saƙar tabarma, ta kuma gwada shi a wajen ƙasar Hausa, wato a yankin Jugu (Djougou a rubutun Faransanci) da ke Jamhuriyar Benin.

2.0 Inda Littafin Ya Yi Rana

Yawancin kundayen ɗalibai kan jero kayan aikin masassaƙi, kamar gatari da gizago, sannan su jero turmi da taɓarya da akushi da allo, shi ke nan. Ba kasafai suke tambayar wane icce aka sara ba. A nan ne Dalziel yake da amfani, domin yana tilasta wa mai nazari ya fara daga daji. Ƙirya, wato Prosopis africana, ita ake nema domin turmi saboda taurinta, kuma gawayinta maƙera suka fi so. Aduwa ana sassaƙa allo da ita. Kaba kuwa ganyen goriba ce tun tana ƙarama, da ita ake saƙa tabarma da faifai da igiya. Ke nan sunan icce rabin bayanin sana'a ne.

3.0 Inda Ya Gaza

Na farko, littafin bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba, sai an koma ga ƙamusun Bargery na 1934. Wannan mai sauƙi ne.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Littafin na tsirrai ne, ba na sana'a ba, kuma Hausar da ya tattara ta Nijeriya ce. Alhali tun kafin zuwan Turawa fataken goro ke bi ta Jugu a kan hanyarsu daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma Hausawa sun kafa zango a nan da kuma Faraku. A Jugu da ƙauyukanta, irin su gundumar Bariyenu, Bahaushe yana zaune ne cikin masu jin Yom da Lokpa da Dendi da Fulatanci, a daji mai ruwan sama fiye da na Katsina ko Maradi. Goriba itaciyar ƙasa mai ƙarancin ruwa ce. Idan aka gangaro kudu, giginya da tukurwa da gora su ne a hannun mai saƙa. Saboda haka ɗalibin da ya ji kalmar kaba a bakin ɗan zango, ya buɗe Dalziel ya rubuta Hyphaene thebaica ba tare da ya ga ganyen ba, yana iya yin kuskure. Kalma kan yi tafiya ta bar itaciyarta a gida, abin da ƙamus ba ya iya nunawa. Wajibi ne a tambayi mai sana'ar, a kuma rubuta sunan da maƙwabtansa ke kiran iccen.

Har ila yau, dajin da Dalziel ya sani ba shi ne na yau ba. Maɗobiya, wadda 'yan katako a Benin ke kira kosso, an yi ta sararta ana lodi zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a 2016. A 2022 aka ƙara kawo da maɗaci. Idan masassaƙi ya rasa iccen da ya gada, yakan koma ga wanda ya samu, sunan kayan bai canza ba amma iccen ya canza. Don haka duk bayanin da aka ɗauko daga littafin sai a haɗa shi da shekarar 1916, a kuma ajiye abin da masassaƙin yau ya faɗa a gefensa.