Matsayin Kiɗa Zalla a Tarken Waƙoƙin Baka: Darasi Daga Garaya, Kuntigi da Kiɗan Barok

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1970, lokacin da nazarin waƙar baka ya sami gindin zama a jami'o'inmu, manazarta sun fi karkata ga kalmomin waƙa, wato jigo da salo da zubi da tsari. An kuwa ci riba, domin ayyuka irin na Ɗandatti Abdulƙadir a kan Mamman Shata (1975) da na Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), sun share wa na baya hanya. Sai dai a yawancin kundayen ɗalibai da muke dubawa, layi ɗaya ake ba kiɗa: a ce wane da goge yake kiɗa, a wuce. Ƙamus ɗin da Ames da King suka wallafa a 1971 ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallinsu, amma ba aikin ƙamus ba ne ya faɗi wane makaɗi ya fi wane hannu. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa kiɗa zalla, musamman na makaɗi tilo, yana da ma'aunin da za a yi masa tarke da shi.

2.0 Abin da Manazartan Barok Suka Gano

Barok shi ne sunan da Turawa suka ba kiɗansu na tsakanin 1600 da 1750. Babban abin kiɗan ɗaka a lokacin shi ne hafsikod, magabacin fiyano, wanda ƙashin gashin tsuntsu ke tsinkar tsirkiyoyinsa. Makaɗan zamanin ba su rubuta komi da komi a takarda. Sukan zana ƙashin bayan kiɗa, su bar wa mai kaɗawa ya cika da ado. A 1720 Johann Sebastian Bach na Jamus ya rubuta wa ɗansa jadawalin ire-iren adon da yadda ake fitar da kowane. François Couperin na Faransa kuwa, a 1722, kuka ya yi da masu kaɗa ayyukansa suna yi wa adon da ya tanada riƙon sakainar kashi. Ke nan tun a wancan lokaci ana ja-in-ja a kan iyakar 'yancin mai kaɗawa.

Misali mafi fitowa fili shi ne na Glenn Gould, mutumin Kanada, wanda ya naɗi aikin Bach da ake kira Goldberg sau biyu a ɗakin naɗi. Na 1955 minti 38 ne da ɗoriya, na 1981 kuwa ya kai minti 51, saboda ya rage sauri, ya kuma maimaita wasu gaɓoɓi. Takarda ɗaya, mutum ɗaya, kiɗa biyu. Daga irin wannan ne manazartansu suka raba abu biyu: asalin aiki daban, kaɗawa daban, kowane da nasa hukunci.

3.0 Take da Ado a Kiɗan Hausa

Wannan rabo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Abin da ya tsaya a matsayin takarda a wurinmu shi ne take. A ƙauyukan bakin dajin Rugu, kamar Tsaskiya da Runka a ƙasar Safana da Ruma a ƙasar Batsari, farauta tsohuwar al'ada ce, kuma a ƙasar Hausa garaya mai tsirkiya biyu tana cikin kayan da ake kaɗa wa mafarauta. Makaɗi ba ya da ikon sauya taken wani, don kuwa mai shi ba zai tsimu ba in bai ji nasa ba. Amma tsakanin faɗuwar take da dawowarsa akwai fili, a nan ake sanin gwani. Muna ganin ma'auni uku za su wadatar a matakin farko.

Na farko, riƙon take. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kuka ta miya kuwa gaɓarta ta biyu sauka take yi. Tsirkiya tana bin wannan hawa da sauka ne har mai sauraro ya tsinci magana a ciki. Makaɗin da ya karya kari don neman daɗin amo ya yi kuren magana, ko da bai buɗe baki ba.

Na biyu, ado. Ya kamata a tambaya, shin ƙawar da aka ƙara ta fito da take ko ta binne shi? Ado da ya yi yawa kamar gishiri ne da ya zarce a miya. Abin da Couperin ya yi wa kuka ke nan, kuma shi ne dattawa ke nufi in sun ce yaro yana da hannu amma bai da kunne.

Na uku, taki. Saurin da ya dace da daren fita daji ba shi ya dace da zaman hira a ƙofar gida ba. Take ɗaya ne, muhalli ne ke yanke masa sauri, kamar yadda shekaru suka yanke wa Gould nasa.

4.0 Gwaji a Kan Ɗanmaraya Jos

Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne misali mafi sauƙin samu, domin faya-fayansa suna hannun jama'a. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, ba shi da 'yan amshi, ba kalangu a bayansa. Duk wanda ya kasa kunne ga Jawabin Aure ko Waƙar Karen Mota zai ji cewa in murya ta tsaya, kuntigi ne ke karɓa, ya riƙe wa mai sauraro kari har ta dawo. Wato aikin da mutane da yawa ke yi wa Shata, tsirkiya ɗaya ke yi wa Ɗanmaraya. Ta fuskar ado kuwa mai tsimi ne ƙwarai, ba ya barin yatsa ya yi gasa da harshe. Wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma iyakarsa, domin da wuya ya sakar wa kuntigi linzami ya yi dogon zance shi kaɗai yadda masu goge ke yi. Ɗalibin da ya juye baitocin a takarda ya tsallake waɗannan gurabe, rabin aikin ya nazarta.

5.0 Inda Kwatancin Ya Tsaya

Bambanci ɗaya ne ya kamata ya tayar mana da hankali. Bach ya rasu a 1750, amma takardunsa sun jira, har Wanda Landowska ta naɗi Goldberg da hafsikod a 1933. Taken garaya ba ya jiran kowa, yana hannun makaɗi ne da kunnen masu saurare. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a Batsari da Safana wajajen 2019 sun tarwatsa ƙauyuka da dama, ga kuma fiyanon lantarki da ya mamaye wuraren biki. In makaɗi ya mutu bai bar yaro ba, ko masu gane taken suka watse, asalin ya tafi.

Haka nan naɗi guda ɗaya ba ya isa, hasali ma yana iya ɓatarwa, domin na baya zai ɗauki adon rana ɗaya a matsayin take.

6.0 Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawara ga sassan Hausa na kwalejojin ilimi, musamman Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-ma, maƙwabciyar Safana, su sa ɗalibai su naɗi take ɗaya daga makaɗa daban-daban, a muhalli daban-daban, su rubuta maganar da ke ƙarƙashinsa da karin sautinta daga bakin makaɗin kansa. Abin da bai sauya ba a duk naɗin shi ne take, abin da ya sauya shi ne hannun makaɗi, a kansa kuma tarke zai hau. Ma'aunan uku da muka kawo somin taɓi ne, muna sa rai mahalarta wannan taro za su gyara, su ƙara.