Tsokaci a Kan Kalmar "Hoto" da 'Yan'uwanta: Misalai Daga Khartum da Omdurman

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba kalmomin da Bahaushe yake amfani da su idan zai ambaci kamannin mutum, wato kama da siffa da sura da hoto. An zaɓi Khartum da Omdurman ne domin a can Hausa take zaune kafaɗa da kafaɗa da Larabci. Hausawa sun daɗe a Sudan ta dalilin hanyar aikin Hajji, suka kuma ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Abu-Manga (1999) ya yi nazarin yadda Hausarsu take rusunawa Larabci. Manufar takardar ita ce ta nuna cewa fassara kalmar Larabci "sura" da "hoto" a kowane muhalli kuskure ne, kuma kuskuren yakan ɓata tarihi.

2.0 Ma'anar Kalmomin

Kama ita ce 'yar gida a cikinsu. Wasalinta na farko gajere ne, saɓanin aikatau kama na kama ɓarawo. Ba ta tsayuwa sai da abu biyu, shi ya sa ake cewa yaro ya yi kama da mahaifinsa. Bahaushe bai amince da ita a matsayin shaida ba, domin ya ce kama da wane ba wane ba ne. Jam'inta kamanni shi ne ake nufin fasalin mutum ɗaya da shi.

Siffa da sura daga Larabci aka aro su. Siffa abu ne da baki yake iya zayyanawa, kamar tsawo da launin fata da wushirya. Sura kuwa ƙirar jiki ce baki ɗaya, kamar a ce wance tana da kyan sura. A lura cewa Larabci yana da kalmomi biyu a nan: mai harafin sadi, wato ƙira, da mai harafin sin, wato surar Alƙur'ani. Hausa ta haɗe su a furuci ɗaya.

Hoto ita ce auta, daga Ingilishi aka aro ta, aka mayar da sautin /f/ zuwa /h/ kamar yadda Hausa takan yi a gaban wasalin /o/ ko /u/. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa. Dubi waɗannan misalai:

(a) An ɗauki hoton Audu.
(b) An zana hoton Audu.
(c) Audu hoto ne kawai a ofishin nan.

A jimla ta (a) Audu ya tsaya a gaban na'ura. A ta (b) mai yiwuwa ne mai zanen bai taɓa ganinsa ba. A ta (c) ana nufin ba shi da ta cewa. Ke nan aikatau ne yake bambanta (a) da (b), ba sunan ba.

3.0 Inda Matsalar Take

A Larabcin Khartum, kamar a daidaitaccen Larabci, "sura" ta ƙunshi ƙirar jiki da zane da hoton na'ura. Ɗalibin da ya saba jin ana neman "sura" domin fasfo yakan ɗauka cewa fassararta ɗaya ce tak. Sai ya zo aya ta 8 ta Suratul Infiɗar, inda kalmar take magana a kan ƙirar da Allah Ya harhaɗa ɗan Adam a kanta, ya ga "hoto" ba ta da mazauni. A nan sura ko kamanni ne daidai.

Tarihin biranen biyu ya ba mu misalai uku. Na farko shi ne Muhammad Ahmad Mahadi, wanda ya ci Khartum a watan Janairu na 1885, ya rasu a Omdurman a watan Yuni na shekarar. Ba a san wani hotonsa da na'ura ta ɗauka ba. Abin da aka gada siffa ce: wushirya da tawadar Allah a kunci, waɗanda mabiyansa suka ɗauka alamomi ne, kuma Turawan da aka tsare a Omdurman, irin su Slatin da Ohrwalder, sun bayyana kamanninsa a littattafansu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa ta hanyar wasiƙa, ba tare da ya gan shi ba. Fuskar da ake bugawa a littattafai zane ce.

Na biyu shi ne magajinsa, Khalifa Abdullahi. An ɗauki hoton gawarsa a Umm Diwaikarat a watan Nuwamba na 1899. Wannan hoto ne a ma'anar jimla ta (a).

Na uku shi ne Janar Gordon a kan raƙumi, wanda Turawa suka kafa a Khartum, aka sauke shi bayan samun 'yancin kai na 1956, aka mayar da shi Ingila. Wannan mutum-mutumi ne. Wanda ya fassara shi da gunki ya ƙara hukuncin da babu shi a asali, domin gunki abin bauta ne.

To, idan marubuci ya sa "Hoton Mahadi" a ƙarƙashin zane, ya kuma sa "Hoton Khalifa" a shafi na gaba, ya daidaita ƙiyasi da shaida. Aikatau ɗin da zai raba su ya faɗi, mai karatu kuwa "ɗauka" zai fara kawowa a ransa. Irin wannan ne ya sa wasu suke yaɗa wata fuska a intanet da sunan hoton Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, alhali ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya.

Wani zai ce harshe na masu shi ne, tunda jama'a suna kiran zane hoto, babu laifi. Haka ne a hirar yau da kullum, inda mai sauraro zai iya tambaya. Amma littafin makaranta ba ya amsa tambaya.

4.0 Kammalawa

Shawarar wannan takarda ga ɗalibai ita ce, kafin a fassara "sura" a tambayi yadda aka same ta. Idan halitta ce, a ce sura ko kamanni. Idan bayanin baki ne, a ce siffa. Idan aikin alƙalami ne, a ce zane, idan kuwa sassaƙa ce, a ce mutum-mutumi. A bar hoto ga abin da na'ura ta ɗauka, musamman a rubutun tarihi.